David Sackett: Farfesan da Ya Koma Ɗalibi

Assalamu alaikum. Na baya kuna jina? To madalla. Abu uku zan faɗa a kan David Sackett, likitan cututtukan cikin jiki, haifaffen Shikago ta Amurka a 1934.

Na farko, labarin wani matashi. A 1959 Sackett yana shekarar ƙarshe a makarantar likitanci, aka ba shi kulawar wani yaro mai ciwon hanta. Dokar lokacin ita ce kwanciya: ba tashi, ba yawo, sai hanta ta koma daidai. Yaro ya fara samun sauƙi, kullum roƙo yake a bar shi ya sauko daga gado. Kun dai san matashi, in ya ji dama-dama ko da igiya ba ka riƙe shi. Sackett ya nufi laburare, ya tarar da binciken da wani likita mai suna Thomas Chalmers ya buga a 1955 kan sojojin Amurka na yaƙin Koriya. An raba masu ciwon gida biyu ta hanyar ƙuri'a, wasu aka tilasta musu kwanciya, wasu aka bar su su zagaya yadda suke so. Ta ƙuri'a fa, ku riƙe wannan, ba likita ne ya zaɓi masu ƙarfi ya ce su tashi ba. Waɗanda suka zagaya ba su makara wajen warkewa ba. Sackett ya shawo kan malamansa, aka bar yaro ya tashi, ya kuma warke lafiya lau.

Wannan wurin nake so. Ɗalibi ne fa! Bai raina malamansa ba, bai kuma ce tunda haka aka saba shi ke nan ba. Tambaya ɗaya ya yi: wa ya gwada? Ku da za ku shiga ɗakin marasa lafiya gobe, in an ce muku haka ake yi, ku tambaya cikin ladabi, wa ya gwada, a kan mutum nawa?

Na biyu, a 1967 ya kafa sashen nazarin cututtuka ta hanyar ƙididdigar majiyyata a Jami'ar McMaster ta Kanada, a 1994 ya tafi Oxford ya buɗe cibiyar aikin likita bisa hujja, ya rasu a 2015. Na nawa muke? To bari in ce na uku. Yana da shekara 49, farfesa guda, ya ga bincike ya nisanta shi da gadon majiyyaci, sai ya koma ya maimaita horon ƙwarewar likita daga tushe.

Na'am, 'yata, ɗaga murya. Tana tambaya ko bincikensa ya taɓa hawan jini.

Ya taɓa ƙwarai. Shi da abokan aikinsa sun bi ma'aikatan wata masana'antar ƙarfe a birnin Hamilton na Kanada, aka buga sakamakon a 1978. Waɗanda ba su san suna da hawan jini ba, da aka gaya musu, sai fashin aikinsu ya ƙaru. Cutar ba ranar ta fara ba, sunan ne ya sa mutum ya fara ganin kansa mara lafiya. Kada ki ɓoye wa majiyyaci cewa yana da hawan jini, ɓoyewa kan kai ga shanyewar ɓarin jiki. Amma in za ki faɗa, ki ja kujera ki zauna, ki gaya masa da magani zai ci gaba da sana'arsa, ki kuma sa masa ranar da zai dawo a sake auna shi.