Wane Lens Zan Saya? Lacca ga Masu Fara Koyon Ɗaukar Hoto

Assalamu alaikum warahmatullah. Iyayena da ke wurin nan, yayyena da ƙannena, barkanmu da warhaka. Na baya kuna jina? To, madalla.

Tun daga bakin ƙofa samari suka tare ni, kuma tambayarsu ɗaya ce: "Malam, wace kyamara zan saya? Wane lens ne ya fi?" Babu wanda ya gaya mini irin hoton da yake son ɗauka. Alhali nan ne gizo ke saƙar. Mai ɗaukar amarya a cikin ɗaki, da mai bin dawaki ranar Hawan Daushe, da mai ɗaukar atamfa da takalma don masu sayarwa a intanet, duk sunansu masu hoto, amma abin da kowa yake buƙata a jakarsa daban ne.

Ni ma ta nan na fara tuntuɓe. Na yi wata da watanni ina tara kuɗi, na shiga wani shago, idona ya faɗa kan wani lens dogo, 75 zuwa 300. Na ɗora shi a kyamara, na hango allon wani shago can tsallaken titi, na karanta rubutun tar kamar a gabana yake. Nan take na biya. Aikin farko da aka kira ni, kamun amarya ne a gidan wasu dangi. Ɗaki ƙarami, ƙwan fitila ɗaya a sama, mata cike. Na ja baya, na ja baya, har bayana ya bugi bango, amma fuska ɗaya da rabi kawai ke shiga. Wanda ya shiga ɗin ma ya fito dishi-dishi saboda ƙarancin haske. Kakar amarya tana zaune a bakin gado tana sa mata albarka, hannunta a kan goshin yarinyar, ban samu wannan hoton ba. Har yau abin yana cina, domin irin wannan rana ba ta maimaituwa. Shi ya sa nake so ku fita daga nan kun iya karanta lambobin da ke jikin lens kafin ku zaro ko sisi.

Ku dubi wannan da ke hannuna. Lamba iri biyu ce a bakinsa. Ta farko ita ce ta milimita. Idan ƙarama ce, kamar 18 ko 24, kyamara za ta kwaso fili mai faɗi, ɗaki duka har da ƙofa. Idan babba ce, 200 ko 300, sai ta tsuke ido ta janyo abu na nesa. Ta biyu ita ce wadda ake rubutawa da harafin f, kuma ita ce masu koyo suke tsallakewa. Tana gaya maka girman ƙofar da haske ke bi ya shiga. Abin da ke rikita mutane shi ne, lissafinta a juye yake: ƙaramar lamba, babbar ƙofa. f/1.8 taga ce a buɗe hanhai, f/16 kuwa kamar ramin makulli.

Bari mu yi lissafin a fili. Lens ɗin da ake haɗo wa mutum da kyamara, 18 zuwa 55, idan ka murɗa shi zuwa 55, iyakar buɗewarsa f/5.6. Wannan ɗan ƙaramin kuwa, 50 ne, ba ya zum, yana buɗewa har f/1.8. Hasken da yake shigarwa ya kusa ninka na wancan sau goma. Me hakan ke nufi a ɗakin amarya? Inda wancan zai tilasta wa kyamara ta bar shota, wato labulen da ke buɗewa haske ya shiga, a buɗe na kashi ɗaya cikin 15 na daƙiƙa, lokacin da rawar hannunka da motsin kan amarya duk za su ɓata hoto, wannan zai gama aikin a kusan kashi ɗaya cikin 150. Fuska ta tsaya cak. Ga ƙari: idan ƙofar ta buɗe haka, abin da ke bayan mutum sai ya narke, kwanukan da ke kan kabad da labulen da bai dace ba su zama launi kawai, ido ya tafi kan fuska. Wannan narkewar da kuke gani a hotunan manya kuna cewa tsadar kyamara ce, galibi aikin lens ne, kuma 50 f/1.8 yana cikin mafi araha da Canon da Nikon suke yi.

Sai dai akwai wani tarko a nan, ku saurara da kyau. Lambar milimita da muke magana a kai, mun saba auna ta ne da girman tsohon fim, milimita 36 a faɗi, 24 a tsaye, girman da kyamarar Leica ta Oskar Barnack ta yaɗa tun fitowarta kasuwa a 1925. Yawancin kyamarorin da mai koyo zai iya saya, sensar da ke cikinsu, wato abin da ke karɓar hoto a madadin fim, ba ta kai wannan girma ba, saboda haka tana yanke gefen hoto. A Nikon da Sony sai ka ninka lambar sau 1.5, a Canon sau 1.6. Ke nan 50 ɗinka a kan Canon 700D yana kallo ne kamar 80. Don hoton mutum ɗaya daga ƙirji zuwa sama, babu kamarsa. Amma a irin ɗakunanmu, idan aka ce ƙawaye shida su jeru, za ka sake bugun bango kamar yadda na buga. Mai ƙaramar Nikon, ni 35 f/1.8 nake ba shi shawara kafin 50, domin shi ne zai ba shi kallo irin na idon mutum. Mai Canon ya duba ɗan falalen nan, 24 f/2.8.

Duk da haka ban ce ku ruga kasuwa gobe ba. Wannan 18 zuwa 55 da ake rainawa, malami ne. Ka yi wata uku kana aiki da shi. Kowane hoto da ka ɗauka, kyamara tana rubuta milimitar da ka tsaya a kai a cikin bayanansa. Ka zauna gaban kwamfuta, ka ware hotuna hamsin da suka fi burge ka, ka duba lambar. Idan ka ga kullum kana maƙale a 55 kana jin da ma ya wuce nan, aikinka na neman lens mai janyowa. Idan kullum kana 18, faɗi kake nema. Idan kuma milimitar ta ishe ka amma duhu ke kayar da kai, to babbar ƙofa kake buƙata. Aikin da kansa zai faɗa maka abin da ya rage, kuma ba ya ƙarya kamar yadda sha'awa take yi.

Maganar megafiksel ba zan ɓata muku lokaci a kanta ba. Kyamara mai megafiksel 24, wato ɗigo miliyan 24, tana ba da hoto mai ɗigo 6000 a faɗi, 4000 a tsaye, wanda za a wanke shi inci 20 ya fito tas. Wa ya taɓa dawo muku da album don ɗigo bai isa ba?

Abin da ya kamata ku yi wa dogon tunani shi ne bakin kyamara, inda lens ke ɗaurewa. Sayen kyamara kamar neman aure ne, ba ita kaɗai ka ɗauka ba, har danginta. Bakin Nikon mai suna F tun 1959 yake, na Canon mai suna EF tun 1987. A 2018 kamfanonin biyu suka fito da sababbin baki, Z da RF, don manyan kyamarorinsu marasa madubi. Manyan masu hoto suna ta komawa can, suna sakin tsofaffin kayansu, shi ya sa kasuwar na hannu ta zama alheri ga mai farawa. Tsohon lens mai kyau da ka saya yau, gobe idan Allah ya buɗa ka sauya kyamara, da adafta zai bi ka. Jikin kyamara shi ke tsufa da wuri, gilashi mai kyau kuwa sai ya ga jiki uku. Amma ka san dangin da ka shiga. Ƙananan Nikon, jerin D3000 da D5000, babu injin fokas a jikinsu. Idan ka ɗora musu tsohon 50 mai harafin D, zai ɗauru, hoto zai fito, amma da hannu za ka riƙa saita fokas. Mai rubutun AF-S za ka nema. Haka lens ɗin Canon mai rubutun EF-S ba ya hawa manyan Canon irin 5D ko 6D.

Idan za ka sayi na hannu, kada kunya ta hana ka bincike. Cire lens, kunna fitilar wayarka, haska ta baya ka leƙa ta gaba. 'Yar ƙura ba komai ba ce, kowane lens yana da ita. Amma idan ka ga wani farin abu mai rassa kamar saƙar gizo-gizo, fumfuna ce, ajiye shi ka tafi. Murɗa zoben zum ka ji ko yana cijewa. A jikin kyamara, tambayi adadin bugun shota, domin ƙananan kyamarori galibi an ƙiyasta musu bugu kusan 100,000 ne. Sannan ka rufe ƙofa zuwa f/16, ka ɗauki farin bango, duk dattin da ke kan sensa zai bayyana.

Na ga hannu can. Na'am, ƙanwata?

Ta ce ita waya kawai gare ta, ko ta jira sai ta sayi kyamara. A'a, kada ki jira. Babbar kyamarar yawancin wayoyi tana kallo ne kamar lens mai milimita 24 zuwa 26, mai faɗi ke nan. Idan kika matsa kusa da fuska, hanci zai kumbura, kunnuwa su ja baya. Ki ja baya taku biyu, ki sa mutum ya fuskanci taga ko ƙofa, ki ga bambanci. Kuma ke kina da abin da mu maza ba mu da shi: cikin gida a buɗe yake gare ki, wurin ƙunshi, wurin kitso, wurin da ainihin biki yake. Shahararren mai hoto ɗan Najeriya J. D. 'Okhai Ojeikere da ƙaramar kyamara Brownie ya fara a 1950, kuma daga 1968 ya shiga ɗaukar kitson matan Najeriya har ya tara hotuna wajen dubu, waɗanda yanzu ake rataye su a manyan gidajen tarihi na duniya. Seydou Keïta na Bamako shi ma Brownie ce kawunsa ya ba shi a 1935, kuma yawancin hotunan da suka fito da sunansa a tsakar gida ya ɗauke su, da hasken rana da zani a rataye a baya.

Wannan ya kawo ni kan haske, wanda a ganina ya cancanci kuɗinku na gaba, kafin lens na uku. Mu a nan muna da matsalar da babu lens ɗin da zai warware ta: ango baƙi, cikin farar shadda, da tsakar rana. Kyamara tana ganin farin nan sai ta ɗauka haske ya yi yawa, ta rage, shadda ta fito da zanenta, fuskar ango ta dulmiye. Magani shi ne ka janye shi zuwa inuwa, bakin zaure ko gindin bishiya, ka ƙara haske da maɓallin nan mai alamar tarawa da ɗebewa, sannan wani ya riƙe maka farin kwali daga ƙasa ya mayar da haske kan fuska. Kwali, na 'yan nairori. Da dare kuma, filasha mai kai mai juyawa za ka nema. Kada ka harba wa mutane ita a fuska, goshi zai yi ƙyalli kamar an shafa mai. Ɗaga kanta sama, haske ya bugi farin silin ya sauko a hankali.

Ragowar kayan 'yan kaɗan ne. Batir biyu aƙalla, kun san halin wuta. Memori biyu matsakaita sun fi ɗaya babba, kuma a saya inda aka amince, domin jabu sun yi yawa. Robar hura iska don ƙura. Da hunturu kada ka sauya lens a fili, in ya zama dole ka juya wa iska baya, ka kifa bakin kyamara ƙasa. Kuma don Allah a daina goge gilashi da gefen riga. Ƙurar hunturu yashi ce mai laushi, gurza gilashin kake yi. A hura tukuna, sannan a goge da ƙyallen da aka yi don haka. Da damina kada a bar kaya a rufe cikin jaka mako da makonni, nan fumfuna ke samun gida.

Masu son hawan Sallah, na san ku kuke jira. Ku kam kuna buƙatar dogon lens, 55 zuwa 250 ko 70 zuwa 300, da shota mai saurin kashi ɗaya cikin 1000 idan mahaya suka sako dawaki wajen jahi. Rana tana nan, don haka ƙaramar ƙofa ba za ta cuce ku ba. Amma kwana nawa ake hawa a shekara? Idan ba kullum kake irin wannan aiki ba, ka yi haya ko ka ara wurin ubangidanka, kuɗin ya tafi wajen abin da za ka taɓa kowane mako.

Yanzu kowa ya fito da kyamararsa. Mai 18 zuwa 55 ya murɗa zuwa 35, ga salatif nan yana zagayawa, a liƙe zoben kada ya motsa. Mai waya ya bar ta yadda take, ban da zum. Za mu fita tsakar gida, kowa ya kama abokinsa, hoto goma: biyar a rana, biyar a bakin inuwa. In mutum ya yi maka nisa ka taka ka same shi. Minti ashirin, sai mu dawo mu duba su ɗaya bayan ɗaya.