Waya biyu masu fil takwas: wacce ta furosesa, wacce ta katin girafik?

[Kwamfuta a buɗe kan tebur, fanka na juyawa, sikirin baƙi ƙirin]

Assalamu alaikum jama'a. Satin nan tambaya ɗaya ce ta cika min waya, daga Ƙofar Ƙaura har Daura: "Malam, na haɗa komai, fanka na juyawa, fitila na ci, amma sikirin bai nuna komai ba." Wani matashi ma ya ɗauko tasa a Keke Napep ya kawo shago, yana rantsuwa matacciyar madabod, wato babban allon da ake jona duk kayan ciki a kansa, aka sayar masa. Lafiyarta ƙalau. Waya ɗaya ya bari tana lilo a bayan akwati.

Kafin komai, kashe makunnin da ke bayan fawa, wato na'urar da ke raba wa kayan ciki wuta, ka zare filogi. Da hunturu kuma ka taɓa ƙarfen akwatin kafin ka taɓa madabod, don wannan ɗan tartsatsin da ke fita daga yatsa yana iya illata kayan ciki.

[Hannu ya ɗago babbar waya]

Wannan mai fil 24 ba ta ɓata wa kowa lissafi. Ramin ta ɗaya ne, a gefen dama. Danna har ƙugiyar ta ce ƙas. Ta hadis, wato ma'ajiyar fayiloli, mai siffar L ce, baki ɗaya take shiga. Mun wuce.

[Kusa: waya biyu kafaɗa da kafaɗa]

To ga tagwayen da ke rikita mutane. Kowacce fil takwas, kowacce baƙa, tsayinsu ɗaya. Hassana da Usaina ke nan, sai dai halinsu ya sha bamban.

Kama kan wannan ka ja a hankali. Ta rabu gida biyu daidai, huɗu da huɗu. Ita ce ta furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, galibi an rubuta CPU a jikinta. Mazauninta can sama ta hagu, kusa da furosesan, inda hannu ke shiga da ƙyar. Idan ba ta nan, furosesa ba ya samun wuta ko kaɗan, duk da babbar wayar tana juya fanka. Abin da ya sami matashin nan ke nan.

Ɗayar kuwa shida da biyu take rabuwa, an rubuta PCI-E ko VGA. Ta katin girafik ce, wato katin da ke fitar da hoto a sikirin. Ramin da kati ke zama yana ba shi wat 75, mai fil shida ta ƙara 75, mai fil takwas ta ƙara 150.

Me zai hana a musanya su tunda dukkansu bolt 12 suke ɗauka? Dubi tsohuwar fawar nan mai wayoyi masu launi. A ta furosesa rawaya huɗu ne, baƙi huɗu. A ta kati rawaya uku ne kawai, kuma layin da suke ya juya. Inda wannan ke kawo wuta, waccan wayar ƙasa ce. Ka haɗa su a juye, in an yi sa'a fawa ta kashe kanta, in ba a yi ba ka ji ƙauri.

[Kusa sosai: bakin ramukan]

Shi ya sa masu ƙira suka bambanta ramukan, wasu murabba'i, wasu an daddatse musu kusurwa. Amma roba ce, kuma na ga masu ƙarfin hannu da suka tura ta ta shiga. Don Allah, in waya ta yi gardama, dakata ka karanta jikinta.

Wasu madabod suna da rami biyu a sama, takwas da huɗu. A ganina, ga furosesa na aikin ofis ko wasa na yau da kullum, mai takwas ɗin ta wadatar.

[Fawa mai wayoyin da ake cirewa]

Magana ɗaya ga masu sayen na hannu, kuma wannan tana ci min rai. Irin fawar da wayoyinta ke zarewa, kada ka ari wayar wata ka saka mata, ko da ta shiga daidai. Ɓangaren da ke shiga fawa babu tsari guda tsakanin kamfanoni, kuma hadis ne ya fi saurin ƙonewa, da duk hotunan bikin da ke ciki. In kuma tsohuwa ce mai ɗan jan makunni a baya, tabbatar yana kan 230, ba 115 na Amurka ba.

[Yatsa kan makunni, sikirin ya kawo haske]

Ga ta matashin nan. Huɗu da huɗu a sama, ƙugiya ta kama. Bismillah.