Akwatin da ke shaƙar iskar birni

Akwatin shirin BioWatch, wanda ake girkewa a kan rufin gine-gine a biranen Amurka don gano harin ƙwayoyin cuta ta iska, mutane da dama suna ɗauka cewa yana kama da na'urar gano hayaƙi, wato da zarar an watsa ƙwayar cuta a iska sai ya buga ƙararrawa. Ba haka yake aiki ba, kuma a nan ne duk gardamar kuɗin da ake kashewa a kansa ta samo asali.

A shekarar 2001, bayan harin 11 ga Satumba, an aika wasiƙu ɗauke da garin cutar antaraks, wadda makiyaya suka sani da ciwon saifa, mutum 5 suka mutu, wasu 17 suka kamu. A 2003 gwamnatin George W. Bush ta kafa shirin BioWatch, aka girke irin waɗannan akwatuna a birane sama da 30, kuma Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida ce ke ɗaukar nauyinsu.

To, mu buɗe akwatin. Abin da ke ciki famfo ne mai zuƙo iska dare da rana, da kuma matata wadda ƙura ke maƙalewa a jikinta. Akwatin bai san abin da ya shaƙa ba. Sai ma'aikaci ya zo kowace rana ya cire matatar, ya kai ta ɗakin gwaji, inda ake neman alamun gado (wato DNA) na ƙwayoyin wasu cututtuka, kamar antaraks da agana da tularemiya, wata cuta da ake ɗauka daga zomaye da kaska. Daga lokacin da ƙwayar ta shiga iska zuwa fitowar sakamako, ana iya ɗaukar awa 12 zuwa 36. Wannan jinkiri ba ƙaramin abu ba ne, domin wanda ya shaƙi antaraks ana so a fara ba shi magani tun kafin alamu su bayyana.

Ko sakamakon ya fito, bai ce an kai hari ba. Abin da ya nuna kawai shi ne an ga alamar gadon wata ƙwaya, ba tare da bayyana ko tana da rai, ko mutum ne ya watsa ta, ko kuwa daga ƙasa da namun daji iska ta kwaso ta ba. A watan Oktoban 2003 an ga alamar tularemiya a birnin Houston, haka kuma a Washington a watan Satumban 2005, daidai lokacin wata babbar zanga-zangar adawa da yaƙin Iraƙi. Babu hari a ko ɗaya daga cikinsu. Ma'aikatar ta ƙi amincewa a kira irin waɗannan ƙararrawar ƙarya, tana cewa gwajin ya ga abin da yake wurin da gaske. A ganina maganarta gaskiya ce, sai dai ba ta sauƙaƙa wa jami'in lafiyar da zai yanke shawarar ko a rufe tashar jirgin ƙasa ko a raba wa dubban mutane magani ba.

Gwamnati ta yi ƙoƙarin cire ma'aikacin da ke kai matata ɗakin gwaji daga tsakiya, da wani sabon tsari mai suna Generation 3, wanda zai yi gwajin a cikin akwatin da kansa. Ƙiyasin kuɗinsa ya tashi daga dala biliyan 2.1 zuwa biliyan 5.8, aka soke shi a 2014. A 2015 ofishin binciken ayyukan gwamnati na majalisar dokokin Amurka ya ba da rahoton cewa ma'aikatar ba ta da ingantattun bayanai kan iyakar abin da tsohon tsarin zai iya ganowa, alhali ya shafe shekara 12 yana aiki.