Kukun da ya zama soja: na zo ƙauyen Addi Bâ

Assalamu alaikum jama'a. Ku yi haƙuri da rawar da kyamara take yi, sanyi ne ya kama min yatsu. Yau na samu hutu a wurin aiki, sai na kamo hanya zuwa wani ɗan ƙauye a yankin Vosges, gabashin Faransa, sunansa Tollaincourt. Bari in juya muku ku ga allon titin nan. Kun gani? Addi Bâ.

Bafulatani ne daga Futa Jalon, ƙasar Gini, sunansa na yanka Mamadou Hady Bah. Neman abinci ne ya kawo shi Faransa kafin Yaƙin Duniya na Biyu, ya zauna a garin Langeais yana aikin kuku. Wato ludayi ne a hannunsa, ba bindiga ba. Ni da na yi shekaru ina wanke tukwanen Turawa a bayan gidan abinci, da na ji haka sai jikina ya yi sanyi.

Yaƙi na ɓarkewa a 1939 ya kai kansa aka rubuta shi soja, a runduna ta 12 ta sojojin da ake kira 'yan Senegal, duk da cewa daga ko'ina a Afirka ta Yamma aka kwaso su. A watan Yunin 1940 Jamusawa suka kama shi, suka tsare a garin Neufchâteau da ke nan yankin Vosges. Ya sulale da wasu abokansa suka faɗa daji.

To, a nan abin yake ɗaure min kai. Ku dubi garin nan da kyau. Gidaje ƙalilan, coci ɗaya, sai gonaki. Ni da na sauko daga mota ɗazu, ban yi taku goma ba na ga labulen wata taga ya motsa. Baƙar fata ba ya ɓuya a irin wannan wuri, ko yau, balle lokacin da sojan Jamus ke sintiri. Amma a nan ya zauna, da sanin magajin gari, yana hawa keke yana zaga ƙauyuka. Kowa ya san shi, kuma aka daɗe bakin mutane a rufe.

Bai tsaya ɓuya kawai ba. A 1943, da aka fara tilasta wa samarin Faransa tafiya aikin dole a Jamus, shi da wani Bafaranshe, Marcel Arburger, suka kafa sansani a dajin da ke kusa, suna ɓoye masu gudu, suna ciyar da su. Shi ne sansanin 'yan gwagwarmaya na farko a Vosges. Jamusawa har suna suka laƙaba masa, wai baƙin ɗan ta'adda.

Daga baya suka kama shi. Suka gana masa azaba don ya ambaci sunaye, bai ambaci ko ɗaya ba. Ranar 18 ga Disamba, 1943, suka harbe shi a Épinal, babban birnin Vosges, tare da Arburger. Allah ya jiƙansa.

Lambar girmamawa kuwa sai a 2003 Faransa ta ba shi. Shekara 60, jama'a. Wa ya rage da zai karɓa da hannunsa?

Zan ɗan ajiye kyamara in yi masa addu'a, don hadari ya haɗo kuma ina so in isa Épinal kafin duhu.