Simuleta kyauta ce, to ina kuɗin ke tafiya? Bayani ga masu haɗa manhajar waya a Kumasi

Assalamu alaikum jama'a, 'yan Aboabo, 'yan Asawase, da ku 'yan Tech da kuka cika min akwati da tambaya iri ɗaya. Wai idan mutum zai haɗa manhaja guda ɗaya da za ta yi aiki a Android da iPhone, dole ne sai ya sayi Mac? Kuma wannan kuɗin wata-wata da dandalin haɗa manhaja suke nema, dole ne ko dai talla ce kawai? To a gyara zama.

Kayan aikin kansu ba a biyan ko pesuwa. Flutter na Google ne, sun fitar da cikakken na farko a Disambar 2018, da yaren Dart ake rubuta shi. React Native na kamfanin Facebook ne tun 2015, shi kuma JavaScript ne. Akwai .NET MAUI na Microsoft wanda ya gaji Xamarin, akwai Kotlin Multiplatform na JetBrains. Duk ka sauke ka fara aiki, data kawai za ka ƙona. Ka rubuta kod sau ɗaya, ya fita a waya iri biyu. Daɗin abin ke nan.

Yanzu ku kalli allona. Wannan wayar da kuke gani a cikin laftof ba waya ba ce, emuleta ce, wato wayar kwaikwayo ta cikin Android Studio, manhajar da ake haɗa na Android da ita. Na zaɓi girman fuska, na zaɓi wane Android nake so, na danna, ta tashi kamar sabuwar waya daga kwali. Ku ga yadda zan canza kalar wannan maɓallin daga shuɗi zuwa kore, na ajiye, ko daƙiƙa biyu ba a yi ba ya canza, ba sai na sake haɗa komai daga farko ba. Tana aiki a Windows, tana aiki a Linux, tana aiki a Mac. Amma fa tana cin RAM ba kaɗan ba. In laftof ɗinka 4GB ce, kada ma ka wahalar da kanka, 8GB za ta ja da ƙyar fanka tana ihu, 16GB ne mutum zai yi aiki hankali kwance. Kuma in ta ƙi tashi gaba ɗaya, yawanci sai ka shiga BIOS ka kunna virtualization, mutane da yawa a nan suke maƙalewa su ce laftof ɗin ce ta lalace.

Ɓangaren iPhone kuma labari ne daban. Simuletar iOS, wato wayar kwaikwayo ta iPhone, tana cikin Xcode, manhajar Apple ta haɗa manhajoji, shi kuma Xcode a Mac kaɗai yake gudu, babu na Windows, duk wanda ya ce zai saka maka na Windows a Adum ka riƙe kuɗinka. Kuma ita wannan simuleta ba kwaikwayon injin waya take ba, da ƙarfin Mac ɗin take gudu, shi ya sa komai yake tafiya sumul kamar ruwa. Kyamara ma babu a ciki. In manhajarka tana karanta QR ko ɗaukar hoton Ghana Card, to wannan ɓangaren sai a waya ta gaske.

A nan nake so mu ɗan tsaya, don nan ne ake yaudarar kai. Gwaji a simuleta kamar koyon mota ne a filin makaranta ranar Lahadi, ba motar haya ta trotro, ba mai keken pragya, ba mai tallan ruwa da zai faɗo gabanka, sai ranar da aka ce shiga cunkoson kasuwar Kejetia da yamma. Wanda zai yi amfani da manhajarka wace waya ce a hannunsa? Itel ce ko Tecno ko Infinix mai 2GB ko 3GB, ma'ajiya ta cika da bidiyon biki da wa'azi na WhatsApp, batir saura kashi 9 saboda dumso, wato ɗauke wuta, netwok yana hawa yana sauka. Manhajar da ta buɗe nan take a laftof ɗinka, a can sai ta tsaya tana zagaye, mutumin ya goge ta ya wuce abinsa. Sannan wayoyi da yawa suna kashe manhajar da ke aiki a bayan fage don adana batir, sai saƙonka na sanarwa ya ƙi shigowa, emuleta ba za ta taɓa nuna maka wannan ba.

Babbar matsalar ma ita ce MoMo, wato biyan kuɗi ta layin waya. Ka haɗa biyan kuɗi ta Paystack ko Hubtel, a yanayin gwaji komai na cewa an biya, an biya. Amma a zahiri saƙon amincewa a layin mutum yake faɗowa, ya rufe fuskar manhajarka, ya saka lambar sirri, wani lokaci ma bai faɗo ba sai ya fita ya danna *170# ya je ya amince da kansa sannan ya dawo. To da ya dawo me ya tarar? Manhajar ta tuna inda yake, ko ta koma farko ta manta da odar? Emuleta ba ta da sim na MTN ko Telecel, ba yadda za a yi ta gwada maka wannan. Ni a ganina waya mai araha ta hannu, ko da fuskarta ta tsage, ta fi maka amfani nesa ba kusa ba a kan duk wani kuɗin wata da za ka biya a farko.

Ba wai emuleta ba ta da rana ba fa. Kana iya rage mata gudun intanet ka ga yadda abu zai yi a netwok mai rauni, ka saka mata wurin GPS na ƙarya ka ce kana Tamale alhali kana zaune a Aboabo, ka juya fuska, ka gwada tsohon Android da sabo ba tare da ka sayi waya biyar ba. Aikin yau da kullum a nan ake yinsa.

To mu zo kan kuɗi. Na dole guda biyu ne kacal. Google Play dala 25 ne, sau ɗaya, shi ke nan har abada. Sai dai in asusun na kanka ne ba na kamfani ba kuma sabo ne, tun Nuwamban 2023 sun saka sharaɗi, sai mutane sun gwada manhajar kwana 14 a jere kafin a bar ka ka sake ta ga kowa. Da farko mutum 20 ne, daga baya suka rage zuwa 12. Don haka tun yanzu ka fara lallaɓa 'yan majalisarku da ƙannenka, kuma ka gaya musu kada wanda ya fita daga gwajin a tsakiya. Apple kuma dala 99 ne duk shekara, ka daina biya a sauke manhajarka daga App Store. Ba tare da ka biya ba kana iya saka ta a iPhone ɗinka don gwaji, amma bayan kwana 7 ta daina buɗewa sai ka sake sakawa. In ka biya ne kake samun TestFlight, inda za ka tura wa mutane su gwada, har mutum 10,000, kowane zubi yana kwana 90.

Sauran duk kuɗin sauƙi ne, wato kana biyan wani ya ɗauke maka wahala. Misali ba ka da Mac. Expo, masu kayan aikin React Native, suna da wani tsari EAS, ka tura kod ɗinka, su haɗa maka na iPhone a kan nasu Mac ɗin su dawo maka da shi. Akwai tsarin kyauta, amma da iyaka a wata kuma za ka bi layi, masu biya su ake fara sallama. Codemagic haka, suna ba da mintuna kyauta duk wata. GitHub Actions ma yana yi, sai dai mintin Mac ya ninka na Linux tsada sau da yawa, ka bar shi yana haɗawa duk lokacin da ka gyara waƙafi ɗaya, kafin tsakiyar wata ka cinye rabonka. In ka riga ka biya Apple, Xcode Cloud yana ba ka awa 25 a wata a cikin kuɗin. Firebase Test Lab kuma yana gwada maka a wayoyi na gaske da ke can ma'ajiyar Google, da ɗan kaso kyauta a rana.

Masu jan abu da linzami ba rubutu, irin FlutterFlow, su ne nake cewa a buɗe ido. Farawa kyauta ne, ka zana, ka ji daɗi, ka nuna wa abokai. Ranar da ka ce bari in sauke kod ɗina, ranar za a nuna maka shafin farashi. Kafin ka zuba wata uku a kan kowane dandali, tambayi abu uku: in na daina biya, kod ɗina zai biyo ni? Kuɗin na kowane mutum ɗaya ne a tawaga ko na aikin gaba ɗaya? Kuma in na wuce iyaka, tsayawa zai yi ko cirar kuɗi zai ci gaba da yi a katina? Ta ukun nan ita ke sa mutum ya tashi da safe ya ga saƙon banki ya rasa me ya saya.

Kuma kada a manta duk da dala ake lissafin nan, kai kuma da sidi kwastoma ke biyanka. Wanda ya ga abin da sidi ya yi a 2022 ya san farashin da ke rubuce a shafi bai motsa ba amma abin da ke fita aljihu ya kusa ninkawa. In za ka yi wa mai shago ko makarantar Islamiyya aiki, rubuta masa a takarda tun farko cewa dala 99 ta Apple kansa take duk shekara. Su ma kamfanonin ba tabbas gare su ba, Microsoft sun daina tallafa wa Xamarin a Mayun 2024, suka rufe App Center a ƙarshen Maris 2025, waɗanda suka jingina da su dole suka kwashe kaya.

In ni ne kai, kuma mutanen zango nake haɗa wa, da Android zan fara, emuleta don aikin kullum, waya mai araha a gefe, dala 25, shi ke nan. Na iPhone ya jira sai an samu wanda ya nema kuma zai biya.

Yanzu ɗauko wayar taka. Shiga saitin, gangara wajen bayanin waya, nemo Build number ka danna shi sau 7, za ta ce ka zama developer. Koma baya, shiga Developer options, kunna USB debugging, ka jona ta da laftof da kebul mai ɗaukar data, ba irin na caji kawai ba. Wani saƙo zai fito a wayar yana tambaya ko ka yarda da wannan kwamfuta, ka ce eh. Duba saman Android Studio, sunan wayarka zai fito kusa da na emuleta, zaɓe shi ka danna koren maɓallin.