Sharhi: Talaka ne ke sayen ruwa mafi tsada

Assalamu alaikum masu sauraro. Duk shekara idan aka zo maganar kasafin kuɗi, sai ka ji jami'ai suna cewa kai famfo unguwannin talakawa asara ce, wai jama'a ba sa iya biya. Wannan magana ta ishe mu, domin duk wanda ya taɓa kwana a unguwar da famfo ya ƙafe ya san talaka yana biya, kullum kuma yana biya.

A yi lissafi. Jarka guda lita 25 ce, jarka 40 ke cika lita 1,000. A ce ɗan ga-ruwa yana sayar da jarka naira 100, ke nan lita 1,000 ta tashi naira 4,000. To a tambayi mai gidan da bututun hukumar ruwa ya shiga har banɗakinsa nawa yake biya a wata. Rahoton Shirin Raya Ƙasashe na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2006 ya nuna cewa mazauna unguwannin marasa galihu a Nairobi da Jakarta da Manila suna biyan ninki biyar zuwa goma na abin da masu hali na garuruwan ke biya a kan kowace lita. Wanda ya fi kowa rashi shi ya fi kowa biya!

Kuma kuɗin jarka ɗin ma somin taɓi ne. Akwai yarinyar da ta rasa darasin safe tana layi a bakin burtsatse. Asusun UNICEF ya ƙiyasta cewa mata da 'yan mata na kashe sa'o'i miliyan 200 kowace rana wajen ɗebo ruwa a duniya. Akwai kuɗin magani idan yaro ya kamu da gudawa ko taifot. A 2021 kaɗai, kwalara ta kashe mutum sama da 3,000 a Najeriya, akasarinsu a Arewa. Wa ya biya wannan? Talaka. Amma mai lissafin da ke zaune a ofis bai sa ko ɗaya a takardarsa ba, abin da hukuma za ta karɓa a ƙarshen wata kawai ya duba. Hukumar Lafiya ta Duniya da ta haɗa lissafin gaba ɗaya a 2012, ta gano cewa duk dala guda da aka zuba a ruwan sha da tsafta tana dawo da sama da dala huɗu.

Masu cewa a miƙa komai ga kamfanoni a huta, sai su waiwayi Kocabamba ta ƙasar Bolibiya, inda aka ba kamfani ruwan gari, farashi ya yi tashin gwauron zabo, jama'a suka fito zanga-zanga a shekarar 2000 har aka soke kwangilar. Tanzaniya ma ta kori kamfanin da ta ba ruwan Darussalam a 2005, shekara biyu kacal da farawa. Masu cewa ruwa na Allah ne, bai kamata a karɓi ko sisi ba, gaskiya ne ruwan na Allah ne, amma gas ɗin injin da alum da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta da albashin injiniya duk saye ake yi. Ruwan kyauta da ba ya zuwa, ƙarshensa dai wurin ɗan ga-ruwa ake komawa.

Akwai inda aka gyara. A 1993 hukumar ruwa ta Funom Fen, babban birnin Kambodiya, tana asarar kusan kashi 70 cikin ɗari na ruwanta ta fasassun bututu da sata. Hukumar gwamnati ce, ba a sayar da ita ba. Aka sa mita a gidaje, aka toshe yoyo, aka tilasta wa manyan jami'ai da sojoji biyan nasu, aka sauƙaƙa wa talakawa kuɗin jona bututu. Asarar ta sauko ƙasa da kashi 10, talaka ya sami ruwa a gida da araha fiye da yadda yake saye a titi.

Mu kuwa baya muke yi. Bankin Duniya ya nuna cewa a 1990 kusan kashi 30 cikin ɗari na mazauna biranen Najeriya suna da famfo a gida, zuwa 2015 ba su kai kashi 10 ba. A 2018 gwamnatin tarayya ta ayyana dokar ta-ɓaci kan ruwa da tsafta, amma har gobe kurar ɗan ga-ruwa ce ke shiga lungu. Ɗan siyasa ya fi son haƙa sabuwar burtsatse a rubuta sunansa a jiki, ta lalace ba mai kuɗin gyara.

Don haka 'yan majalisar jihohi, idan kasafin baɗi ya zo gabanku, ku tambayi kwamishinan ruwa nawa aka ware wa gyara da gas da mita, kuma gida nawa ne za su daina sayen jarka kafin shekara ta ƙare.