In an tambayi yaranmu menene Musulunci, me za su ce?

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Shugaba, malamanmu, iyayenmu maza da mata, 'yan uwa da matasanmu da ke can baya, sannunku da zuwa, Allah ya saka da alheri, musamman waɗanda suka taso daga aikin dare ko runtsawa ba su yi ba suka taho. Shugaba ya ce in ɗan yi magana a kan addini da tarihinsa, toh akwai malamai a ɗakin nan da suka fi ni sani nesa ba kusa ba, ni dai abin da ke damuna zan faɗa, kuma maganar yaranmu ce.

A gida yaro ba sai an zaunar da shi an ce masa ga Musulunci ba. Yana tashi da kiran salla ta kowane lungu, ga makarantar allo da safe ga Islamiyya da yamma, ga tafsiri a rediyo da azumi, ko bai so ba sai ya sani. Amma nan Ingila fa? Yaronka shi kaɗai ne Musulmi a ajinsu ko su biyu, ranar da aka zo darasin addinai malama za ta juyo ta ce kai ka gaya mana, me yasa kuke azumi, waye Muhammadu, me yasa mamanka take rufe kai. Yaro ya iya alwala, ya haddace Fatiha da ƙulhuwallahu, amma bakinsa ya mutu saboda ba wanda ya taɓa ba shi labarin daga farko. Sai ya dawo gida ya tambayi waya, kuma kun san irin abin da ke cikin wayar nan.

Kuma wallahi labarin ba wuya gare shi ba. An haifi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a Makka wajen shekara ta 570, ya tashi maraya, mahaifinsa ya rasu tun kafin a haife shi, mahaifiyarsa Amina ta rasu yana ɗan shekara shida, kakansa Abdulmuɗallib ya riƙe shi sannan baffansa Abu Ɗalib. Yana da shekara 40, wato a 610, Mala'ika Jibrilu ya zo masa a kogon Hira da wahayi na farko, aka ce masa yi karatu. Wadda ta fara gaskata shi mace ce, Nana Khadija, 'yar kasuwa mai dukiyarta, ku riƙa gaya wa 'ya'yanku mata wannan dan Allah. Shekara 13 ya yi a Makka yana kiran mutane zuwa ga abu ɗaya, Allah ɗaya ne ba shi da abokin tarayya, ana ta gallaza wa waɗanda suka bi shi, irin su Bilalu da aka ɗora wa dutse a ƙirji cikin zafin rana, da Sumayya da aka kashe.

Toh a nan nake so mu tsaya kaɗan, don wannan ɓangaren namu ne mu mazauna ƙasar wasu. Da wahala ta yi yawa, wajen shekara ta 615, Annabi ya ce wa sahabbai su tafi Habasha, akwai sarki a can da ba a zaluntar kowa a ƙasarsa. Kun ga hijirar farko a Musulunci Afirka aka yi ta, tun kafin ta Madina, kuma wajen sarki Kirista, Najjashi. Cikin waɗanda suka fara tafiya har da Sayyidina Usmanu da matarsa Ruƙayya 'yar Manzon Allah. Ƙuraishawa suka biyo su da kyaututtuka, suka aiko Amru ɗan Asi, lokacin bai musulunta ba, ya nemi a mayar musu da mutanensu. Sarki ya ce ba zai ba da su ba sai ya ji daga bakinsu, ya tara su ya tambaye su menene wannan addini naku.

Tambayar da ake yi wa yaranmu a aji kenan fa, ita ɗin ce dai. Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya miƙe ya amsa, kuma bai yi zagi ba bai yi ƙarya don a so shi ba. A taƙaice ya ce mu da muna bautar gumaka, muna cin mushe, muna yanke zumunci, muna cutar maƙwabci, mai ƙarfi yana cinye mara ƙarfi, sai Allah ya aiko mana Manzo daga cikinmu wanda mun san asalinsa da gaskiyarsa da amanarsa, ya ce mu bauta wa Allah shi kaɗai, mu faɗi gaskiya, mu riƙe amana, mu sada zumunci, mu kyautata wa maƙwabci, kar mu ci dukiyar maraya, kar mu yi wa mata kamammu ƙazafi. Sannan ya karanta masa farkon Suratu Maryam, sarki ya yi kuka har gemunsa ya jiƙe. Da aka matsa a kan maganar Annabi Isa, inda nan ne aka san za a saɓa, Ja'afar bai kauce ba, ya ce bawan Allah ne kuma Manzonsa, ruhinsa ne kuma kalmarsa da ya jefa wa Maryam. Suka zauna lafiya a ƙasar shekara da shekaru, ba su bar addininsu ba kuma ba su cuci masu masaukinsu ba. Ni a ganina duk yaron da ya san wannan labarin ba zai sunkuyar da kai a aji ba.

Sauran tarihin kun san shi, hijira zuwa Madina a 622 wadda daga ita ne Sayyidina Umar ya sa aka fara ƙirga shekarar Musulunci, Badar a 624, buɗe Makka a 630 inda ya yafe wa mutanen da suka kore shi, wafati a 632. An tara Alƙur'ani wuri ɗaya zamanin Sayyidina Abubakar, Zaidu ɗan Sabitu ne ya jagoranci aikin, zamanin Usmanu aka kwafe aka aika garuruwa, surori 114, shi ne a hannunmu yau.

Shi kuwa abin da muka yi imani da shi, hadisin Jibrilu ya tattara shi kaf, ranar da ya zo a siffar mutum mai fararen kaya ya zauna gaban Annabi yana tambaya. Musulunci shahada ne da salla da zakka da azumin Ramadan da hajji ga wanda ya samu iko, imani kuma ka yarda da Allah da mala'ikunsa da littattafansa da manzanninsa da ranar lahira da ƙaddara mai daɗi da mara daɗi. Muna yawan tsayawa a nan, alhali akwai na uku, ihsani, ka bauta wa Allah kamar kana ganinsa, in ba ka ganinsa shi yana ganinka. Yaron da ke ƙasar da ba ƙanin uba ba maƙwabci mai tsawatarwa, ya rufe ɗaki daga shi sai waya, wannan na ukun shi zai riƙe shi.

Abu na ƙarshe, wasu yaranmu suna zuwa masallaci su ga limami Balarabe ne ko ɗan Pakistan, su ga yadda wasu ke salla ya ɗan bambanta da na babansu, sai su ɗauka mu ne baƙi a addinin ko namu ne ba daidai ba. Ku gaya musu mu Malikiyya ne, mazhabar Imamu Malik na Madina, kuma saɓanin mazhabobi ba sabon abu ba ne. Ku gaya musu sarakunan Kanem sun musulunta tun ƙarni na 11, Wangarawa sun iso Kano daga Mali zamanin Sarki Yaji a ƙarni na 14, Shehu Magili ya zauna a Kano zamanin Muhammadu Rumfa, hasumiyar Gobarau tana nan tsaye a Katsina. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, 'yarsa Nana Asma'u ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa 'yan taru, tana tura jajis, wato malamai mata, ƙauye ƙauye suna karantar da mata. Kakanninmu a ƙafa suka riƙa tafiya hajji ta Chadi da Sudan, wasu shekaru suke yi a hanya, shi ya sa har yau akwai Hausawa birjik a Sudan.

Don haka shawarata Shugaba, makarantarmu ta ƙarshen mako a ƙara mata rabin awa na sira da tarihi bayan hadda, a yi da Hausa a fassara da Turanci inda yara suka kasa ganewa, kuma a bar su su yi tambaya ko wace iri ce ba tare da an daka musu tsawa ba. Muna buƙatar mutum biyu ko uku da za su riƙa karɓa-karɓa, da mace aƙalla ɗaya saboda 'yan mata, duk mai iyawa ya ba sakatare sunansa kafin a tashi ko ya rubuta a zaurenmu na WhatsApp. Iyaye kuma dan Allah in kun kawo yara kar ku ajiye su a ƙofa ku juya, ku shigo ku zauna a ji tare. Na gode, wassalamu alaikum wa rahmatullah.